Jirgin Sama Ba Abin Ba da Jinga Ba Ne: Gargaɗi ga Mutanen Bagudo da Bakin Iyaka

Jama'ar Bagudo, Illo, Kaoje, Zagga, Lolo da Tsamiya, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka a Segbana da Madekali: Maganar nan ta gaggawa ce, kuma gara a yi ta yanzu a tsaye da a yi ta nan gaba a zaman makoki.

Duk mai waya a hannu ya taɓa ganin irin bidiyon nan. Ga matashi kusa da wani abu mai siffar jirgin sama, an haɗa shi da bututun ƙarfe da fallayen kwano da injin mota. Farfela tana juyawa, ƙura tana tashi, jama'a suna kabbara. Kowa ya gani sai ya sa albarka, ya ce ina gwamnati, ina masu kuɗi. Sa albarkar daidai ne, domin basira kyautar Allah ce. Abin da ke ba ni tsoro shi ne abin da zai biyo baya. Wata rana wani mai hali zai ce shi ma yana son nasa, ya kira mai waldan da ya yi masa ƙofar gida da bakaniken da ke duba masa mota, ya zube kafin alƙalami, ya ce a gama kafin Sallah. Ko kuma matashi mai basira ya samu tallafi, aikin ya fi ƙarfinsa, sai ya rarraba shi: gangar jiki wajen mai walda, farfela wajen kafinta, inji wajen bakanike, wayoyi wajen mai gyaran wuta, shi kuma ya tattaro ya ɗaure.

Kayan wannan kuskure duk suna nan a ƙasarmu. Injin gwanjo daga Kwatano ba ya wuyar samu ga mutumin bakin iyaka. Muna da masu walda da kanikawa da hannunsu ya faɗa, su ne ke raya injunan ban ruwa na fadama, da na casar shinkafa, da na jiragen ruwan Kogin Kwara. Muna da filaye masu faɗi da rani, muna kuma da masu neman suna. Abin da ya rage kawai wani ya tara waɗannan wuri ɗaya.

Ga gargaɗin a dunƙule. A aikin jirgi ana iya hayar hannu, amma ba a hayar sani, ba a kuma hayar wanda zai ɗauke maka alhaki. Jirgin da aka yanyanka aka raba wa 'yan jinga, babu wanda ya san shi daga hanci zuwa wutsiya. Mai kuɗi ya dogara da gwani. Gwani ya ɗauka mai abu ya san abin da ya sa a yi. Kowanne yana zaton ɗayan ya duba. Ranar gwaji kuwa mutum guda ne zai shiga ciki, ɗaruruwa kuma za su kewaye shi suna kallo.

Abin yabo a ƙasa, ajali a sama

Ba raina masu sana'armu nake yi ba. Matsalar ma daga ƙwarewarsu take fitowa, domin halayen da suke sa a yabi gwani a ƙasa su ne ke hallaka mutum a sama.

Mai walda na kirki, in yana son aiki ya yi ƙarko, ƙarfe yake ƙarawa. A ƙofa ko amalanke wannan amana ce. A jirgi kuwa kowane kilo an lissafa shi, an kuma lissafa inda zai zauna. Jirgi yana da cibiyar nauyi, kuma dole ta faɗo cikin 'yar tazara ƙanƙanuwa a kusa da gaban fiffike. Shi ya sa kafin tashin farko ake ɗora kowace taya a kan sikeli a yi lissafi. In mai walda ya ƙarfafa wutsiya da 'yan kilo kaɗan don kyautatawa, cibiyar sai ta koma baya. Jirgin zai yi gudu a ƙasa lafiya lau. Da ya ɗaga sai hanci ya miƙe sama, gudu ya ragu, iska ta saki fiffike, ya rikito daga tsayin da bai isa a gyara kuskure ba amma ya isa ya kashe.

Shi kansa ƙarfen ba irin na kasuwa ba ne. Gangar ƙaramin jirgi da ake yi da bututu, da ƙarfe na musamman ake yin ta, wanda masu sana'ar suka sani da lambarsa 4130, kuma kaurin bangon bututun a wurare da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Waldar wutar lantarki da sanda, wadda muka saba gani a bakin titi, takan huda irin wannan bututu ko ta ƙona shi ya yi gautsi. Alminiyam ɗin da ake rufe fiffike da shi, irin mai lamba 2024, ba a ma yi masa walda, don zafi yana kashe ƙarfinsa. Ɗinke shi ake yi da dubban ƙananan ƙusoshi, kowacce da girman hudarta da tazararta. Akwai kuma abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe: girgizar inji tana buɗe tsagar da ido ba ya gani, kaɗan-kaɗan, har ranar da gaɓar za ta ɓalle ba sallama. Walda tana iya yin kyau a ido alhali cikinta duk kofofi ne.

Bakanike na kirki kuma dabara ce jarinsa. In babu kayan asali ya san abin da zai sa a madadinsu, ya ce a lallaɓa a kai gida. Mota tana karɓar lallaɓawa domin in ta mutu gefen hanya ake gangarawa. Jirgi ba shi da gefen hanya. Injin mota a tafiyar yau da kullum ɗan kaso kaɗan na ƙarfinsa yake bayarwa. Injin jirgi kuwa da dukkan ƙarfinsa yake tashi, sannan ya zauna a kan kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na tsawon sa'o'i. Don haka ake yi masa filogi biyu a kowace silinda da hanyoyin wuta biyu masu zaman kansu, in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Farfelar ƙaramin jirgi ba ta son wuce juyi wajen 2,700 a minti, injin ƙaramar mota kuwa sai ya kai wajen ninki biyu na haka yake ba da cikakken ƙarfinsa. Dole a sa akwatin giya a tsakani, kuma wannan akwati yana cikin wuraren da aikin gida ya fi cin amana. Hatta noti ba a ɗaure shi da jin hannu. Da ma'auni ake ɗaure shi, sannan a kulle shi da waya ko fil, domin girgiza kwance noti take yi.

Kafinta na kirki da ido yake awo, kuma idonsa ba ya kuskure a kujera ko kwalekwale. Farfela kuwa, bambancin 'yan giram tsakanin ɓangarorinta biyu ya isa ya girgiza inji har ya tsinke daga mazauninsa. A jirgi mai saukar ungulu abin ya fi muni. Babbar farfelar ƙaramin irinsa tana juyi wajen 500 a minti, bakinta yana gudun da ya kai kimanin kilomita 700 a awa, kuma ƙarfin da ke fizgar kowane fiffikenta daga gindi ya kai nauyin tan da yawa. In ya ɓalle, takobi ne da aka wurga cikin taro.

Ƙasarmu kuma tana ƙara nata. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yakan wuce digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike yana samun ƙarancin abin dogara, inji yana rasa ƙarfi, filin da ya isa tashi da sanyin asuba ba ya isa da azahar. Fetur yakan tafasa ya zama tururi a cikin bututu, inji ya shaƙe. Man 'yan bumburutu da ya yini a kwalba ko jarka cikin rana, da ruwa da datti a gindinsa, babur yana iya haƙuri da shi. Jirgi ba ya yi.

Illar jinga

Ko da an samu gwanin da ya san duk wannan, tsarin jinga da kansa yana da illa. Ɗan jinga sai ya gama ake cika masa kuɗi, ribarsa tana cikin sauri. A ƙa'idar aikin jirgi kuwa, duk abin da ya karkace, ko aka huda ba daidai ba, ko walda ta ƙona, jefar da shi ake yi a sake sabo. To wa zai biya kuɗin wanda aka jefar? A jinga, aljihun ma'aikaci ne. Mutumin da ke da iyali, ga mai aiki yana bugo waya kullum yana cewa Sallah ta matso, abin da zai yi a bayyane yake: ya cike, ya goge, ya shafa fenti. Ba mugunta ba ce, yarjejeniyar ce ta tura shi. Kuma da zarar an rufe fiffike an yi fenti, abin da ke ciki ya ɓuya har ranar da zai bayyana kansa.

Yadda waɗanda suka riga mu suka ɗaure abin

Babu ƙasar da ake haɗa jirgi a gida kamar Amurka. Ƙungiyar masu wannan sha'awa, EAA, tun 1953 aka kafa ta, kuma dubban jiragen da mutane suka haɗa a garejinsu suna tashi a can. Amma dubi yadda hukumar jiragen samansu, FAA, ta ɗaure zancen hayar hannu. Kafin a ba jirgi takardar na-gida, dole ya zama fiye da rabin aikin ƙira da haɗawa masu sha'awa ne suka yi da hannunsu, don neman ilimi ko nishaɗi, ba don lada ba. Ana iya biyan gwani ya koyar, ya tsaya a kanka yana nuna maka. Ana iya ba da fenti ko ɗinkin kujeru ko haɗa na'urorin sadarwa. Amma duk aikin gangar jirgi da ɗan kwangila ya yi, ba a lissafa shi a rabon mai shi. Mai haɗawa yana ajiye littafin aiki da hotuna mataki-mataki, yana sa hannu a takardar rantsuwa, kuma ƙarya a cikinta laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyar. Da hukumar ta ga masu kuɗi suna fakewa da sunan na-gida suna ba 'yan kwangila su haɗa musu, sai ta ƙara tsaurara ƙa'idar a 2009.

Bayan haka mai bincike yana zuwa ya duba jirgin. Sannan a ware masa yankin gwaji nesa da cunkoson jama'a, ya yi awa 40 yana tashi ba fasinja, ko awa 25 in injinsa da farfelarsa masu takardar amincewa ne. A jikinsa dole a rubuta cewa na gwaji ne, kuma ba a ɗaukar mutum ko kaya da shi don kuɗi.

Hikimar wannan doka ita ce a tabbatar akwai mutum guda da ya san kowace gaɓa ta jirgin, kuma shi ne wanda zai sa ransa a ciki. Duk da wannan tsari, binciken da hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta fitar a 2012 ya nuna cewa jiragen gida kusan kashi 10 cikin ɗari ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma su suka yi wajen kashi 15 na haɗurran 2011, da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai. Mutuwar inji da kufcewar jirgi daga hannun direba su ne kan gaba. Wannan fa inda ake da zane, da kayan asali, da mai dubawa. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun ya yi wa kansa hisabi.

Gani ga wane

Ranar 12 ga Oktoba 1997, shahararren mawaƙin Amurka John Denver ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya ya mutu. Gogaggen direban jirgi ne. Jirgin, samfurin Long-EZ, wani ne ya haɗa shi a gida, shi kuma bai daɗe da sayensa ba. Wanda ya haɗa ya sauya abu guda daga zanen asali: maɓallin sauya tankin mai, wanda aka tsara a gaban direba, ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Masu bincike sun gano cewa da man tanki ɗaya ya ƙare, sai Denver ya juya jikinsa don ya kai hannu, ƙafarsa ta danne feda, jirgi ya kufce. Shawarar da wani ya yanke a garejinsa shekaru kafin nan, ita ta yanke wa mai jirgin kwana.

A watan Agusta 2021, a wani ƙauye na gundumar Yabatmal a jihar Maharashtra ta Indiya, wani matashi mai walda ɗan shekara 24 ya gama haɗa ƙaramin jirgi mai saukar ungulu. Burinsa ya nuna shi ranar 15 ga wata, ranar bikin 'yancin ƙasarsu. Ana saura 'yan kwanaki ya tada inji don gwaji, abokansa suna ɗaukar bidiyo. Farfelar wutsiya ta ɓalle ta bugi babbar farfela, ita kuma ta sare shi a kujerarsa. Jirgin ko ƙasa bai bari ba. A lura da abu biyu: gwanin walda ne na gaske, kuma ranar biki ce ta sa masa wa'adi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hayar hannu da ta yi albarka

Ba cewa nake kada a nemi taimakon gwani ba. Jirgin farko ma da hannun ɗan haya a ciki. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu sana'ar keke ne a garin Dayton, kuma bakaniken shagonsu, Charlie Taylor, shi ya ƙera musu injin mai ƙarfin doki 12 cikin mako shida. Amma dubi yadda aka yi. A shagonsu ya yi aikin, a gaban idonsu, bisa lissafinsu. Kafin nan sun gina akwatin gwajin iska a 1901 sun gwada siffofin fiffike wajen 200, sun yi shekara uku suna gwada jirage marasa inji. Ranar 17 ga Disamba 1903 tashin farko daƙiƙa 12 ne kacal. Duk da wannan taka-tsantsan, a Satumban 1908 farfela ta tsage musu a sama, Laftanar Thomas Selfridge ya mutu, Orville ya karye.

A nan gida ma muna da misali. Jirgin Air Beetle, wanda rundunar sojan saman Najeriya ta yi shekaru tana koyar da sababbin direbobi da shi a Kaduna, asalinsa jirgin haɗin gida ne, samfurin RV-6A na kamfanin Van's Aircraft. Guda 60 aka tanada, kuma a Kaduna kamfanin AIEP ya haɗa su, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin shekarun 1990. Ma'aikata ne suka yi aikin don albashi, amma a masana'anta, da zane, da injiniyoyi, da masu duba kowane mataki, da direbobin gwaji. In za a biya mutane su haɗa maka jirgi, ka zama masana'anta, kuma nauyin masana'anta ya hau kanka.

A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya yi wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic mai ƙarfin doki 133 da tarkacen tsofaffin motoci. Da hannunsa ya yi, ya san iyakar abin da ya ƙera, kuma bai taɓa ɗaga shi ya wuce ƙafa bakwai ba. Daga baya ya samu tallafin karatun gyaran jirage a Ingila. Abin koyi a labarinsa shi ne inda basirar ta kai shi: aji.

Sararin bakin iyaka yana da masu shi

Mutanen Bagudo suna da wani haɗari da na Kano ko Zariya ba su da shi. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 150 a awa yana cinye kilomita biyu da rabi a minti guda. Wanda ya tashi kusa da Tsamiya ko Lolo, kafin ya gama juyawa sau ɗaya yana iya kasancewa a sararin Jamhuriyar Benin, in ya yi arewa kuma Nijar ba nisa. A ƙasa mun saba shiga da fita, kasuwa ɗaya, aure ɗaya, harshe ɗaya. A sama ba haka ba ne. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da sararin samaniyarta, kuma jirgin da ba shi da rajista, ba lamba, ba rediyo, ba wanda zai tsaya tambayar ɗan gidan wane ne a ciki.

Ga kuma halin da ake ciki. Tun ƙarshen 2024 sunan Lakurawa ya cika bakin mutane a Kebbi da Sakkwato, jiragen yaƙi suna shawagi a yankin. A ƙetare, cikin Afrilun 2025 gwamnatin Benin ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a yankin gandun dajin W da ke lardin Alibori, lardin da muke maƙwabtaka da shi. Sojan da ke cikin wannan ɗar-ɗar, in ya ga baƙon abu a sama, ba biki zai zata ba. Abin da zai biyo baya kuma ba kan mai jirgi kaɗai zai tsaya ba: bincike, kame, da zargi a kan gari sukutum, har da mai waldan da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Dokar Najeriya a fili take. Jirgi ba ya tashi sai da rajista da takardar lafiyar tashi daga hukumar NCAA, direba kuma sai da lasisi. Ko ƙaramin jirgi marar matuƙi, tun Mayun 2016 hukumar ta hana tada shi ba tare da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba.

Alhaki ba ya rabuwa kamar jinga

Mu mutanen bakin kogi mun san abin da ke faruwa in mai jirgi da maƙerinsa da direbansa kowa ya jingina da ɗan'uwansa. A watan Mayu 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Kogin Kwara kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. A ruwa akwai mai iyo, akwai masunta da za su kawo ɗauki. A sama babu ko ɗaya.

Malaman Malikiyya sun daɗe da buɗe babin lamunin masu sana'a: wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, abin da ya lalace a hannunsa yana wuyansa. Sun kuma yi bayanin cewa wanda ya shiga aikin da bai sani ba, kamar mai ba da magani ba ilimi, in ya cutar to lamuni na kansa. Kisan kuskure yana da diyya da kaffara, dokar ƙasa ma tana hukunta wanda gangancinsa ya jawo asarar rai. "Abin da aka sa ni na yi" ba zai wanke ma'aikaci ba. "Ai gwani na ba" ba zai wanke mai kuɗi ba.

Abin da ya wajaba, tun yau

Alhaji, in Allah Ya hore maka kuma kana son ka ga ɗan Bagudo a sama, kada ka sayi inji. Biya masa kuɗin makaranta. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964, tana yaye direbobi da injiniyoyin gyara. Cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, tana Kaduna, kuma tana karɓar farar hula. A kusa akwai kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, inda za a fara da tushe. Injiniya guda da ka ɗauki nauyinsa ya fi maka suna, duniya da lahira, a kan bidiyon minti biyu.

Maigida mai walda, da kai bakanike, da kai kafinta: in aka kawo muku aikin abin da mutum zai shiga ya tashi, ku tambayi zanen da injiniya ya sa wa hannu, da takardar hukuma, da sunan wanda zai duba aikin kafin a rufe. In babu, ku ce a'a, ko nawa ne kuɗin. Faɗin "wannan ba fannina ba ne" ba ya rage darajar gwani. Shugabannin ƙungiyoyinku su mayar da wannan doka a tsakaninku, don kada wanda ya ƙi ya ga maƙwabcinsa ya karɓa.

Ɗana mai basira, kada ka daina ƙirƙira, amma ka bi tsani daki-daki. Fara da ƙaramin samfuri da ba ya ɗaukar mutum, ka koyi lissafin nauyi da iska. In ka kai ga babba, ka sanar da hukuma tun kafin ka yanka ƙarfen farko. Ka yi aiki da zanen da aka riga aka gwada, kada ka sauya komai don ya fi sauƙi. In za ka nemi gwani, ya zo ya yi a gabanka yana koya maka, ka biya shi ladan yini ba jinga ba, kuma duk abin da ya lalace kai za ka biya a sake. Ka rubuta kowane mataki, ka ɗauki hotonsa. Kada a rufe ko a fente wani sashe sai injiniyan jirgi mai lasisi, wanda ba shi ya yi aikin ba, ya gani. Kada ka sa wa aikinka ranar Sallah ko ranar zuwan babban baƙo. Kada ka tada farfela da mutum a kusa, kuma wanda bai koyi tuƙi a hannun malami ba kada ya zauna a kujerar, ko da shi ya ƙera ta.

Iyaye mata, ku ne kuke fara sanin abin da ake haɗawa a bayan gida. Faɗa wa maigida ko mai unguwa ba tona asirin ɗa ba ne. Ranka ya daɗe hakimi, da dagatai da masu unguwanni: kada a ba da filin idi, ko filin makaranta, ko bakin kasuwa don gwajin abin da ba shi da takarda, kuma a kira mai abin a yi masa nasiha cikin mutunci, a haɗa shi da inda zai ƙaru. Malamai, Allah Ya gafarta muku, ku ba wannan magana minti biyar a huɗubar Juma'a. 'Yan siyasa kuma ku ji tsoron Allah, kada ku mayar da ran ɗan talaka abin ɗaukar hoto.

Wanda ya riga ya karɓi kafin alƙalami, ya mayar da shi cikin makon nan. Wanda ya riga ya yi nisa, ya kwance farfela ya ajiye, ya zare mai daga tanki, ya nemi injiniya ya duba kafin ya sake taɓa makunni. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa mai waldan unguwarsu, ya kuma kai shi ƙetaren iyaka, domin haɗarin bai san kan iyaka ba. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya sa basirarsu ta zama gadon al'umma ba sanadin hawayenta ba. Amin.